A Ba Ni Abin da Aka Cire

A duk layin masu gyara babu wanda ake shakkar bakinsa kamar tsohon nan mai gyaran janareta da ake kira Buɗe-in-gani. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma shi ya jawo shi. In ka kawo masa inji ka ce wani mai gyara ya riga ya canza maka fistin, ba zai ce ƙarya kake ba, ba zai ce gaskiya ne ba, sai ya kai hannu ga sifana ya ce, "Buɗe in gani." Sau tari kuwa in an buɗe, tsohon fistin ɗin ake tararwa, an wanke shi da fetur an mayar. Daga nan sai ya juyo ya wanke ka tas, ba don kai ka yi cutar ba, sai don ka zauna da idonka biyu aka cuce ka.

Shagonsa rumfar kwano ce doguwa, daɓenta ya sha baƙin mai har ya daina nuna kalarsa. A bangon baya ƙusoshi ne a jere, kowace da abin da aka rataya mata: kwayil da ya ƙone, bel da ya tsinke, fulogi da ya yi baƙi. Ƙa'idarsa ɗaya ce, duk abin da ya cire a injinka sai ya sa maka shi a tafin hannu kafin ka tafi. In ka ce me za ka yi da mataccen ƙarfe, sai ya rataye shi a bango ya ce, "Yana nan, kada gobe ka zo min da wata magana."

Yana ɗan saurayi ya koyi aikin a wurin wani maigida mai ɗan ɗaki a bayan shago, da labule a ƙofar ɗakin. Inji ya shiga bayan labulen nan da kayansa na ainihi, ya fito da na jabu, mai shi yana waje yana godiya. Abu biyu Buɗe-in-gani ya fito da su daga wurin: gyara, da tabbacin cewa duk aikin da aka ja wa labule sata ce. Shi ya sa nasa shagon ko ƙofar ciki babu.

Wannan ƙa'idar ce ta raba shi da babban ɗansa. A shagon ɗan ya tashi, hannunsa ya faɗa sosai, har wasu na cewa ya fi uban sauri. Wata rana irin boris ɗin da ake nema, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya yanke a kasuwa, mai injin kuma yana tsaye yana gaggawa, sai ɗan ya ciro wani mai sauran ƙarfi daga wani mataccen inji, ya goge shi, ya sa, ya ce sabo ne. Daga inda yake zaune uban ya ji ƙarar injin, ya gane. Bai ja ɗansa gefe ba. Ya sa aka sake kwance injin a gaban mai shi, ya ɗaga boris ɗin sama yadda duk layin zai gani, ya ce, "Jama'a ku shaida, ɓarawo na haifa!" Sannan ya tattara sifanun ɗan ya watsa su a titi. Ɗan ya bi su yana tsinta ɗaya bayan ɗaya, ya bar garin. Uwar ta yi kuka, ta yi roƙo, har ta rasu ba su shirya ba. Boris ɗin yana nan a bango, a ƙusar da ta fi kowace sama.

Mutum ɗaya ce ta rage da ke taka ƙofarsa ba da inji a hannu ba, ita ce Auta, 'yarsa, malamar makaranta, tana aure a wata unguwa. Ita ke wanke masa kaya, ta kawo abinci, ta sha faɗa a kan gishiri, ta koma gida. Bai taɓa yaba mata a gabanta ba. Amma in ta juya baya yakan nuna ta da haɓa ya ce wa duk wanda ke kusa, "Wannan ba ta ƙarya. Ni na rene ta." A wurinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Da shekaru suka ja, sai fitsari ya soma yi masa gardama. Zai zagaya ya yi ta jira, abin ya zo ɗis-ɗis, ya tashi yana jin kamar bai yi komai ba, kafin ya gama ɗaure noti ya sake komawa. Barci ya gagara, alwala ta daina daɗewa. Bai gaya wa kowa ba. Sai dai layin masu gyara ba wurin ɓoye abu ba ne, balle in maƙwabcinka Mai Faci ne, ƙaton mutum mai dariya da ciki, wanda ba ya rasa lokacin sa ido. Sun daɗe suna maƙwabtaka ba su taɓa zama abokai ba. Kullum ana faɗa a kan baƙin man da ke gangarawa wancan gefe da ƙarar injin iska da ke shigowa wannan.

"Injiniya," in ji Mai Faci wata rana, "famfon ya toshe ke nan?"

"Ka ji da tayoyinka."

"Kada ka ji kunya, ni ma haka na fara. Furostet ce. Zo ka ga aiki."

Ya ɗaga riga, kamar yadda yake ɗaga wa duk wanda ya tsaya, ko bai tambaya ba. Daga ƙasan cibiya tabo ne mai kauri ya gangara, da alamun ɗinki a gefe da gefe.

"Da na farfaɗo, likita da kansa ya kawo min ita a kwano, ta kai ƙwan agwagwa. Na ce, ke ce kika hana ni barci?"

Buɗe-in-gani ya yi tsaki ya juya baya. Amma a ransa, ranar ce ya fara ganin aikin likita da ƙima. A buɗe, a cire, a nuna maka, a ɗinke, ka tafi da shaida a jikinka. Wannan aikin gaskiya ne, ko da kuwa a cikin Mai Faci aka yi shi.

Auta ce ta gane daga wankin wandunansa, ta kuma ja shi asibiti yana zagi tun daga ƙofar gida. Likitan mutum ne mai furfura a gefen kai, mai gajiya a ido, ba shi da lokacin lallashi. Ya duba shi, ya sa aka yi gwaje-gwaje, sannan ya yi masa bayani a taƙaice: a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata tsoka, ita ce furostet ɗin, da hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta, in mutum ya manyanta takan girma ta matse hanyar. Ya rubuta masa ƙwayoyi.

"Har yaushe zan sha?"

"Muddin suna yi maka aiki, Baba, ka ci gaba da sha."

"Wato ba gyara za ka yi ba, lallaɓawa za ka yi. Ni in na ce wa mutum ya riƙa ƙara mai kullum a injin da ke yoyo, me sunana?"

"Ba a fara wa mutum da tiyata in magani zai iya."

"Haka kowane rago yake cewa."

Auta ta rufe fuska da gyale don kunya. Likita bai ko ɗago kai ba, ya kira na gaba.

Ya sha ƙwayoyin na 'yan kwanaki, da bai ga ya koma saurayi ba ya watsa su a kwata. Ba a daɗe ba, wata rana da tsakar rana, hanyar ta toshe gaba ɗaya. Mara ta kumbura ta yi tauri, gumi ya keto masa, ya durƙusa a tsakanin injuna yana nishi. Abin da bai taɓa yafe wa wannan rana ba shi ne Mai Faci ne ya ɗauke shi cak ya sa a mota. A asibiti aka zura masa robar fitsari, ya samu kansa. Likita ya ce yanzu kam sai tiyata.

"Yanzu ka yi magana," in ji Buɗe-in-gani.

Likita ya zaunar da shi da Auta ya faɗa musu yadda za a yi. Tsokar tasa ba ta yi girman da za a yanka ciki ba. Ta hanyar fitsarin za a shiga da wani siririn ƙarfe mai fitila, a kankare abin da ya matse hanyar kaɗan-kaɗan, a wanke shi da ruwa ya fito. Auta ta ji komai. Shi kuwa ido kawai ya zuba. Ya san kowane mai gyara yana da surutun da yake yi kafin ya taɓa inji, shi ya sa ya bar maganar ta wuce ta saman kansa, yana jiran a gama ya gindaya sharaɗinsa.

"Abu ɗaya nake so. A ba ni abin da aka cire."

"Ɗakin gwaji ake kai shi, Baba."

"A kai shi duk inda za a kai, a dawo min da shi."

Ranar aikin aka yi masa allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonsa biyu. Har ya ji daɗi, ya ce ashe za a bar shi ya gani. Sai ga wata nas ta kafa ƙarfe a saman ƙirjinsa ta rataya koren ƙyalle, ta raba shi da rabin jikinsa.

"Ke, cire wannan labulen."

"Ba a cirewa, Baba."

"Jikina ne ko naki? Na ce ki cire!"

Ba wanda ya kula shi. Ya kwanta yana kallon ƙyallen, yana kasa kunne kamar yadda yake yi wa inji. Bai ji an ce a miƙo wuƙa ba. Ƙarar ruwa kawai yake ji, da wani ɗan ƙugi da ke zuwa yana ɗaukewa, da likita yana magana ƙasa-ƙasa. Ya tuna tsohon maigidansa da ɗan ɗakin bayan shago, zuciyarsa ta yi ta tafasa.

Da aka mayar da shi gado, abin da ya fara yi shi ne laluben cikinsa. Sumul. Babu filasta, babu auduga, babu ɗinki ko na ƙwaya ɗaya. Roba ce kawai, da jakar da ke cika da ruwa ja-ja. Ya yaye rigar asibitin ya duba da idonsa, sannan ya ɗaga murya har marasa lafiyar da ke can ƙarshen ɗakin suka ɗago kai.

Da likita ya shigo zagaye, bai bari ya ƙaraso ba.

"Ina ɗinkin?"

"Babu ɗinki. Na gaya maka ba a yanka ciki."

"To, ina abin da ka cire?"

"Ba dunƙule ɗaya ba ne, Baba. Kankarewa aka yi, ya fito ɓarɓashi-ɓarɓashi. An tura shi a duba ko akwai ciwon daji."

"An tura!" Buɗe-in-gani ya yi wata dariya mara daɗi. "Ni za ka ce wa an tura? Tun kafin a haife ka nake jin wannan. An tura, an jefar, ya ɓace a shara. Ka ja labule, ka kunna famfo, ka fito kana share gumi. Ai na san aikin."

Likita ya dube shi, shi ma ransa ya ɓaci.

"Na tsaya a kanka har bayana ya ƙage, ba don ka gode min ba. Ka yarda ko kada ka yarda, akwai ɗanyen rauni a cikinka. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba yunƙuri, ba komawa aiki sai na ce. Ka sha ruwa da yawa. Shaidar da kake nema za ka gan ta ranar da aka cire robar nan."

Ya wuce gado na gaba. Auta ta matso a hankali.

"Baba, wallahi an yi aikin. Ina nan ya yi mana bayani."

"Kin gani da idonki?"

Da wata ce, da ta ce eh a huta.

"Ban shiga ba, Baba."

"To, rufe min baki."

Da aka cire robar ya shiga bayan gida shi kaɗai, yana shirin jiran da ya saba. Sai ga fitsari ya zo da ƙarfi, da raɗaɗi, da ƙarar da ya manta yana iya yi. Ya tsaya sororo. Wani da sai ya fito yana hamdala. Shi kuwa kafin ya ɗaure wando ya samo amsa: robar ce ta buɗe hanyar, kamar yadda maƙaryacin mai gyara ke zura waya a kabureta ya hura, inji ya tashi, ya ce ya sa sabuwa. Kwana kaɗan zai sake toshewa. Da Auta ta tambaye shi yaya, ya ce, "Yadda yake."

Maimakon ya kwanta a gida, ya sa aka kai shi shago, wai zai zauna kawai ya sha iska. Bai gama zama ba Mai Faci ya iso da rabin layin a bayansa.

"Sannu da jiki, Injiniya. To, a ɗaga riga mu ga aiki."

"Ba na tsiraici a titi kamar wasu."

"Ɗan kaɗan dai. Ko ɗinkin sirri ne? To, ita abar, ta kai ƙwan agwagwa? Ta kai na kaza? Na tantabara fa?"

Shirun da ya yi ne ya tona shi. Mai Faci ya riƙe ciki ya fashe da dariya.

"Jama'a, an yi wa Buɗe-in-gani aiki a bayan labule, bai buɗe ba, bai gani ba!"

Duk wanda tsohon ya taɓa wankewa a layin nan ranar ya rama da dariya. Shi kuma, da ya ga ba zai iya nuna an yi masa aiki ba, sai ya zaɓi ya nuna ya gane ba a yi ba. Gara a ce an cuce shi ya kama, da a ce ya yarda da abin da bai gani ba. Ya miƙe ya nufi wani janareta da mutum biyu ke ɗagawa.

"Wanda aka yi wa tiyata zai ɗaga wannan? Ku duba da kyau."

Ya ɗaga shi, ya ɗora a kan benci, ya juyo yana haki yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar jini ya ɓalle, guda-guda, ya sake toshe hanyar. Aka koma asibiti, aka mayar da roba, aka yi ta wanke mafitsara, aka ƙara masa jini. Likita bai yi masa magana ba sam. Auta ya kira, a gaban gadon, ya ce, "Ki ji da kyau. Wannan karon na samu na tsayar. In ya sake, ban yi miki alkawari ba."

Buɗe-in-gani ya ce robar farko ce ta ƙarce shi, don ba su iya sa ta ba.

Aka sallame shi. A ɗakinsa na gidan haya, mai gado ɗaya da rediyo da buta a bakin ƙofa, ya shaida wa Auta cewa gobe zai buɗe shago, akwai babban inji da ke jiransa. Ta roƙe shi, ya yi biris. Ta nuna masa sakamakon gwaji, babu ciwon daji, ya ce takarda ko shi ya iya rubutawa. Ta yi kuka, ya ce ta je waje ta yi. A ƙarshe ta miƙe tsaye, irin tsayuwar da ba ta taɓa yi a gabansa ba.

"Baba, so kake ka mutu don Mai Faci ya daina dariya? Me kake so a yi maka?"

"Kin san abin da nake so. Abin da aka cire, a tafin hannuna. Ranar da na gan shi, ko wata nawa aka ce in kwanta zan kwanta. In babu, ba a yi min komai ba, kuma mai lafiya ba ya zaman ɗaki."

Ta dube shi ta daɗe, ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama.

Washegari da safe ya sa rigar aikinsa, yana zaune a bakin gado yana neman takalmi, sai ga ta a ƙofa da baƙar leda a hannu. Ba ta cire takalmi ba, ba ta sauke jaka daga kafaɗa ba. Ta miƙa masa ledar daga inda take.

"Likita ya ce a kawo maka. Sun... sun haɗa shi wuri ɗaya a ɗakin gwajin."

Kwalba ce 'yar ƙarama mai faɗin baki, cike da ruwa mai warin sifirit, da filasta a jiki an yi rubutu a karkace. A ciki akwai dunƙulen tsoka ja mai duhu, gefensa yana ɗan sheƙi fari-fari. Ya miƙe ya kai ta hasken ƙofa, ya juya ta a hankali, kamar yadda yake juya kowane ƙarfe da aka ce masa sabo ne.

Bai buƙaci dubawa ta biyu ba. Ƙundun kaza ne. Ga inda wuƙar girki ta bi, ga ɗan ragowar fatar ciki rawaya da ba a ɓare da kyau ba. Shekara da shekaru marigayiya matarsa ta yi tana ajiye masa ƙundu a gefen kwano, ina zai ɓace masa? Kwalbar ta man gashi ce, an kankare takardarta. Rubutun kuwa da hannun hagu aka yi shi don a ɓadda kama, amma ya san hannun da ya yi.

Maganar ta taso masa har maƙogwaro, ita ce dai wadda ya faɗa wa ɗansa wancan karon, kalma da kalma. Tsakar gidan cike take da mata suna wanki, shaidu ba su yi ƙaranci ba. Taku ɗaya zai yi ya ɗaga kwalbar sama.

Ya juyo ya dube ta. Bango take kallo. Hannunta ɗaya yana riƙe da ƙofa. Ba ta iya ƙarya ba, ko tsayuwar masu yin ta ba ta iya ba. Kuma ta san da wa take yi, don tana 'yar ƙarama tana layin ranar da ya watsa sifanun yayanta, ita ce ma ta ciro ɗaya daga kwata ta bi shi da gudu ta miƙa masa. Shi ya sa ba ta cire takalmi ba. Ta zo ne a shirye a kore ta.

Ya ji haushi irin wanda bai taɓa ji ba, ya rasa a kan wa zai sauke shi. Ta gaya masa gaskiya ya ce ta rufe baki, ta kawo masa shaidar gaskiya ya yi fatali da ita. Abu ɗaya tak da yake alfahari da shi a duniya, shi da kansa ya matsa mata har ta zubar da shi a cikin kwalbar man gashi, don kada ya mutu. A ƙarƙashin haushin kuma akwai tsoro, ba na jini ba, na ƙofar nan ne in ta saki ta tafi.

Ya daɗe yana riƙe da kwalbar. Sannan ya kama murfin ya murɗa shi da ƙarfi.

"Ko murfi ba su iya rufewa ba. Haka asibitin naku yake aiki?"

Auta ba ta motsa ba.

"Kuma 'yar ƙarama ce. Wannan ce ta hana ni barci?"

"Ita ce, Baba," ta ce da ƙyar.

"Da ya kawo tun farko, da duk ba a yi wannan ba. Rago kawai." Ya ajiye kwalbar a kan rediyo, ya cire rigar aikin ya jefa a ƙasa, ya hau gado ya juya wa ƙofa baya. "Ki aika layi a ce ba na fitowa sai likita ya ce. Kuma ki daina tsaya min a ƙofa kina tare iska. In shigowa za ki yi, ki shigo."

Ya ji ƙarar takalmanta suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Bai juyo ba, ita kuma ta ɗauki rigar daga ƙasa ta ninke.

Ya kwanta har likita ya sallame shi. Ya sha ruwan da aka ce, yana zagin ruwan. Hanyar ba ta sake toshewa ba, yana barci har asuba, amma ko sau ɗaya bai ce an yi aiki mai kyau ba. Auta ta ci gaba da zuwa, tana shan faɗa a kan gishiri. Sai dai masu lura sun lura cewa in ta juya baya yanzu, ba ya nuna ta da haɓa ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ido kawai yake bin ta da shi har ta sha kwana.

Ranar da ya koma shago, ya ɗaure wuyan kwalbar da waya, ya sa aka hau benci aka rataye ta can sama, kusa da boris ɗin ɗansa. Bai gama share kujera ba Mai Faci ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"An ce an kawo maka abar. Ita ce waccan?"

"Idonka ya mutu ne?"

Mai Faci ya matsa ƙarƙashinta, ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido.

"Injiniya, tawa fa ba haka take ba. Wannan sai ka ce..." Ya yi ɗage ya miƙa hannu. "Sauko da ita. Buɗe in gani."

Tsohon ya tashi da saurin da ba a san yana da shi ba, ya buge hannun da sifana har Mai Faci ya yi ƙara ya ja baya.

"Ba a buɗewa," ya ce.

Mai Faci ya dubi kwalbar, ya dubi mai ita, ya fita yana murza hannu, bai yi dariya ba. Buɗe-in-gani ya koma kan injin da ke gabansa, ya daɗe yana neman sifanar da ke hannunsa.